Wadda Ta Riƙe wa Illo Tocila

Kun sani sarai batiran fitilun ko-ta-kwana na ƙaramin asibitinmu sun tsufa, kuka kau da kai. A shekarar farin nan ruwansu ya ƙafe, aka ɗura musu na rijiya mai laka, suka mutu ɗungum.

Sai da Mairama ta rasu wurin haihuwa cikin duhu, ta bar jariri hannun ungozoma, sannan aka kira Illo mai gyaran wuta daga garin Isa. Sallar isha ta same shi durƙushe yana ɗaura sababbin batira, tocila a bakinsa. Wata mata ta karɓe ta, ta haska masa. Yatsunta sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Sannu, baiwar Allah. Jinya kike?"

"Ɗana na zo gani, malam. Kukanai kaɗai na ji, ban ga huskatai ba. Yi hamzari."

Ya haɗa wayar ƙarshe, haske ya cika baranda. Tana nan tsaye gefensa, hawaye na zuba, amma inuwarsa ce kaɗai a bango.

Gobe ku je asibitin namu, ku sa a kunna muku fitilun nan, ku gani da idonku.