Ginshiƙi na Huɗu

Magariba ta kawo jiki a Aliero ranar da abin ya fara. Mardiyya na zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinyarta, mahaifiyarta Tabawa na tuƙa tuwo a madafa. Shekara biyu ke nan da Mardiyya ta gama karatun injiniyan gini. Mahaifinta Alhaji Attahiru, dillalin albasa, ya kafa ginshiƙan ƙarfe goma sha biyu a filinsa na bayan gari, ya ce ta auna masa ko za su ɗauki benen ajiyar buhuna, mata masu tsintar albasa su zauna a ƙasa.

Ta zana ginin a manhajar lissafin gini, ta ɗora masa nauyin buhuna, ta danna. Ƙarafan duka suka fito shuɗi da kore, alamar lafiya, sai bim ɗaya, wato ƙarfen da ke gicciye a kan ginshiƙi na huɗu. Shi ya fito ja wur.

Ta duba ko ta cakuɗa mita da milimita. Ta bi mahaɗar ƙarafan ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ba ta kama ba. Ta kira Injiniya Shadrach, maigidanta a wurin aiki a Jega, ya ce ta sauke nauyin duka, har da na ƙarfen kansa, ta sake gwadawa. Ta gwada. Ba komai a kan bim ɗin, amma yana nan ja, ya lanƙwashe kamar ana jan ƙafarsa ƙasa.

Shadrach ya ce, "Kashe ta, ki kawo mini gobe."

Ba ta kai ga kashewa ba wari ya taso. Warin ruɓaɓɓiyar albasa ne gauraye da na masai, mai nauyi, mai maƙalewa a maƙogwaro. Tabawa ta buɗe tukunya, ta ga tuwon da ta tuƙa yanzu ya yi yauƙi, tsutsa na motsi a ciki. Sai dutse ya sauka a kan kwanon rufin ɗaki. Sai wani. Duwatsun jiƙaƙƙu ne, baƙaƙe, suna ɗigar da wani ruwa da ko kaji sun ƙi kusanta.

Kwana uku ana haka, duk faɗuwar rana. Randa ta yi ɗoyi, kayan sawa suka yi ɗoyi, maƙwabta suka daina shigowa. A kwamfutar Shadrach lissafin ya fita lafiya, a ta Mardiyya kuwa jan sai ƙaruwa yake. Rana ta huɗu bayan la'asar ta ture kwamfutar, ta durƙusa, ta yi ta aman baƙin ruwa. Da ta ɗago kai, idanun ba nata ba ne.

Aka ɗauko Malam Mu'azu daga Giwa Tazo, dattijo mai ruƙiyya, marar yawan magana. Ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu a hankali. Jikin Mardiyya ya sandare, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Bari ƙona ni, Malam. Ni anka cuta."

"Wa ya cuce ki? Mi wagga yarinya ta yi miki?"

"Tambayi ubanta mi ya zuba cikin rijiyarmu."

Alhaji Attahiru ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta ci gaba, tana huci. Ta ce tun kafin a yi hanyar Jega suke cikin tsohuwar rijiyar filin, ita da jikokinta. Da Alhaji ya sayi filin, ya sa aka riƙa juye ruɓaɓɓiyar albasa a ciki. Da tumakinsa suka mutu, nan aka jefa mushen. Da rijiyar ta ƙi cika, ya kira masu kwasar masai suka juye mota biyu, aka rufe da siminti ɗan kamu ɗaya, aka kafa ginshiƙi na huɗu a kai.

Tabawa ta toshe baki da gyale. "Alhaji, da gaske ne?"

Alhaji ya kau da kai.

"Mun nuna wa ɗiyar, ba ta gane ba," in ji muryar. "To ita za ni riƙe, ta zauna cikin abin da muke zaune."

"Ba ki da iko da ita," in ji Malam Mu'azu. "Faɗi haƙƙinki, ki hita."

"A yashe rijiyar. Kuma wanda ya sa anka zuba, shi za ya shiga da hannunsa."

Malam ya dubi Alhaji, ya jira har sai da ya ce ya yarda. Sannan ya sa tsohuwar ta rantse ba za ta dawo ba. Mardiyya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube.

Da ta farfaɗo aka faɗa mata komai. Ta jawo kwamfutar, jan ya ɓace. A lissafinta na farko ta ɗauka kowane ginshiƙi kan ƙasa mai tauri yake. Yanzu ta saki ƙafar na huɗu a lissafin, ta bar shi ya nutse kaɗan. Bim ɗin ya koma ja, na kusa da shi ma suka bi.

"Baba," ta ce, muryarta a dishe, "da an loda benen, da ya rubza kan mata talatin. Kuma ka san abin da ke ƙasa, ka bar ni ina ta neman kuskurena."

Washegari aka cire ginshiƙin, aka fasa simintin. Leburori suka ja baya, ɗaya ya yi amai a gefe. Alhaji Attahiru ya tuɓe babbar riga, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya sauka da bokiti. Kwana shida yana yasa. Kullum ya dawo, sai ya tarar Tabawa ta ajiye masa ruwa da sabulu a ƙofar gida, daga waje, ta koma ciki ba tare da ta ce masa sannu ba.