Yatsu Huɗu a Kan Ƙoda

Asibitin da Likita take aiki ya sayo ƙaramar na'urar hoton ciki, irin wadda ake kaiwa har bakin gadon majinyaci. Ita likitar ƙoda ce, kuma ba ta son koyon abu a jikin marar lafiya, sai ta zo da ita gida. Ana gab da magariba ta shimfiɗa wa 'yarta Auta tabarma a ɗakin ajiya, don can ya fi duhu, hoto ya fi fita.

"Mama, man nan da sanyi!" in ji Auta tana dariya. "To ya na'urar ba ta ƙara?"

"Tana yi. Da sauti take gani, kunnen mutum ne dai ba ya kamawa. Ja numfashi ki riƙe."

Da ƙoda ɗaya aka haifi Auta, ta dama. Ga ta nan a allo, sumul, lafiya ƙalau. Likita tana cikin aunawa dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya tarwatsa taga. Tsakar gida babu kowa, kaji ma sun yi tsit.

Tun daga nan Auta ba ta ƙara yin fitsari ba. Washegari da rana ta yi ja, ta miƙe ta ɗaga mahaifinta, ƙaton mutum, ta maka shi da bango har haƙorinsa ya fita. Duk sanda suka nufi mota da ita, jifa ya dawo da su.

Likita ta sa aka danne ta, ta sake ɗora na'urar. Ƙodar ta kumbura, fitsarin da ya rasa hanya ya yi baƙin rassa a ciki. Ta nemi tsakuwa. Tsakuwa fara take fitowa, inuwarta ta sauka a miƙe. Abin da ta gani inuwa huɗu ne a lanƙwashe, sun shaƙe bututun fitsari, in ta danna su ƙara matsewa. Auta kuwa ta toshe kunnuwa tana ihu. Likita ta san sauran: in ba a saki ba, guba za ta taru a jini, kuma babu ƙoda ta biyu.

Yayan maigidan ya zo da wani tsohon malami. Malam ya zauna a bakin ƙofa yana karatu a hankali, har wuyan Auta ya sanƙare, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Tsoho, daina ƙona ni. Ba ni na fara ba."

"Me aka yi maka?"

"Matar nan ta shigo ɗakina da abin ihu. Ku ba kwa ji, mu muna ji! Jaririna yana barci a bayan buhu, kunnensa ya fashe. Na zo ƙorafi ta sake kunnawa."

Likita ta ce, "Wallahi ban sani ba."

"Likita guda, ba ki sani ba?" Muryar ta yi dariya. "Sai ki sani yanzu."

"Ba za a ƙara kunnawa a gidan nan ba," in ji Malam. "Ka saki yarinya, ba ta da laifi."

"Kunne nake so. Kunne a kan kunne."

"Ba a biyan ku da jikin ɗan Adam." Malam ya ɗaga murya zai ci gaba da karatu. Auta ta gantsare, kumfa na fita ta bakinta, fuskarta ta riga ta kumbura.

"Ɗauki nawa," in ji Likita.

"Hajiya, kar ki...!"

Marin ya riga shi sauka. Hannun Auta ne, amma ƙarfin ba nata ba ne. Likita ta zube kan buhuna, jini mai ɗumi na bin wuyanta. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Can sai tabarma ta fara jiƙewa a ƙarƙashinta, fitsarin yana malala har ƙafar Malam.

Likita ta rarrafo ta sa tafin hannu a cikin Auta tana kuka. Auta ta buɗe ido, leɓunanta suna motsi. Uwar ta kai kunnen hagu, ba ta ji komai ba. Ta juya mata na dama.

"Mama, na ɓata tabarma."