Kejin da Babu Tsuntsu

A tashar Dogon Dutsi Ma'azu ya fara ganinta, zaune a motar Matankari da wani ɗan keji a cinya: dunƙulen laka huɗu, karan hatsi shida, ko ƙofa babu. Shi kuwa Ma'azu mai gyaran waya ne, kuma ba ya iya ganin abu bai tambaya ba.

"Malama, tsuntsun ya tsere ne?"

"Ba a taɓa sa tsuntsu ciki ba," ta ce tana dariya. "Kwatanci ne. Shimi, ilimin sinadarai, nike karatu Yamai."

Sunanta Rumaisa'u. Ta ce kejin na gaskiya ido ba ya ganinsa. Lakar nan ƙwayoyin ƙarfe ne, karan kuma wasu sinadarai masu kama ƙarfe baki biyu. A zuba su a ruwa a ɗumama, su da kansu za su haɗu, wanda ya kama a karkace ya saki ya sake kamawa, har kejin ya tsaya.

Tambaya ta ja tambaya, sai ga Ma'azu a Matankari, garin da ba shi da kowa. Ya dawo da kejin da lambar waya, da zuciyar da ta riga ta zama ta wata.

"Malamata, in kara guda ya ƙi kamawa fa?" ya rubuta mata.

"Sai a yi haƙuri da shi, ɗalibina. Ka ci abinci?"

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa Malam Rabo ya ce atafau. Mutum ne mai tsananin gudun shirka, ya kuma ji cewa kakar yarinyar 'yar bori ce. Ga abin da yarinyar ta ba ɗansa rataye a ɗaki, yaro ya bi ya zauce. Wace shaida kuma ake nema?

Ma'azu ya zo gyara, ya ɓata.

"Baba, ilimi ne fa. Shi ka haɗa kainai, ba mai taɓa shi."

"Shi ka haɗa kainai? To ka gama magana."

Ma'azu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana kallo tsohon ya farfasa lakar ɗaya bayan ɗaya yana neman laya. Bai samu komai ba, kuma rashin samun ya fi damunsa. Ashe a wurinsa Ma'azu ya gado tambaya. Bayan 'yan kwanaki ya ce a kawo masa yarinyar.

Rumaisa'u ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ɗiyata, wa ka haɗa abin ga in ba ku taɓa shi ba?"

"Baba, mu zubawa kawai muka yi. Kowane ƙarfe da iyakar hannuwan da Allah ya yi mishi, da inda suka fuskanta. Shi ya sa ba ya iya tsayawa sai ga siffa guda."

"Cikin da ke wofi fa?"

"Shi muka biɗa. Muna fatan wata rana ya kama dahin da ke cikin ruwan sha, ko ya ɗauki magani ya kai inda ciwo yake."

Malam Rabo ya sake tambaya, ya kuma sakewa, har aka kira la'asar. Ma'azu na gefe, ba wanda ya tuna da shi, kuma bai taɓa jin daɗin a manta da shi irin na ranar ba.

Neman aure aikin ƙannen uba ne, amma Malam Rabo ya ce da ƙafarsa za shi Matankari. Bayan an ɗaura aure an shafa fatiha, ya nemi a kai shi wurin kakar amarya. Ya tsaya a bakin ƙofarta, ya sunkuyar da kai.

"Inna, na yi ma jikarki zato, kuma da sunanki na yi shi. Ku gahurce ni."

Tsohuwar ta dube shi.

"Na yahe, Malam. Allah shi ba su zama lahiya. Shigo ka sha ruwa."

Ya cire takalmi ya shiga.