Ruwan Gashi

Magariba ta kawo kai, Inna na durƙushe a tsakar gida tana gasa wa Auta gwiwar hannu. Tun da aka cire wa yarinyar filasta bayan faɗuwar da ta yi daga babur, hannun ya ƙi miƙewa, keken ɗinkinta kuwa yana ɗaki a lulluɓe. Likitan ƙashi ya ja wa Inna kunne kada a murza, kada a ja. Amma matar da ta raini 'ya'ya har suka aurar da nasu ba ta ga abin da yaro mai farar riga zai koya mata ba. Kullum sai ta gasa, ta danne kafaɗar ta ja, Auta na cizon leɓe. Ran nan da ta gama, ta watsa sauran ruwan zafin a makwarara, ko bisimilla ba ta yi ba.

Ba ta ajiye robar ruwan ba dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo baya. Maigidan ya zagaya bayan katanga, bai ga kowa ba.

Daga ranar gidan ya rasa kwanciyar hankali. Da rana ta yi ja sai jifa, sai kukan jariri daga wajen makwarara. Auta ta daina magana, ga hannun ya yi tauri kamar itace. Da suka koma asibiti, likita ya ɗaga hoton hannun ya nuna musu ƙashi yana tsirowa a cikin tsoka, ya ce abu ne da ba a cika gani ba. Ya tambaya ko ana murzawa. Inna ta ce a'a. A ranta har ta ji sanyi, tunda ga aljanu a gida, ai an san mai laifi.

Maigidan ya ɗauko wani malami, dattijo mai sanyin murya. Yana fara karatu Auta ta sandare, wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Jikana aka ƙona. Yana wasa a makwarara aka sheƙa masa ruwa."

Malam ya ba ta haƙuri, ya ce ba da sani aka yi ba. Ta nemi jini, ya ƙi. Suka daɗe suna ja-in-ja, daga ƙarshe ta yarda za ta tafi in an daina zubar da ruwan zafi a wurin. Nan Inna ta matso, ta ce to a sakar wa 'yarta hannu, da shi take ci.

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Jifa tawa ce, kuka namu ne. Hannu kuwa ban taɓa shi ba. Ina zaune kullum ina kallo ana jan sa, har tausayi yarinyar take ba ni."

Auta ta yi atishawa ta zube. Babu wanda ya ɗaga ido ya dubi Inna, wannan ya fi mata zagi ciwo.

Jifa ta tsaya tun ranar. Washegari da yamma Auta ta fito, ta zauna a inda ta saba, ta naɗe hannun riga ta miƙa wa uwarta gwiwar da ta ƙage.

"Inna, yau ba za a yi gashin ba?"