Jar Takarda a Marinar Malam Mani

"A mai da mashi goronshi, Saudatu. Yau ɗin ga!"

Muryar babanta ce, Malam Mani marini.

"Baba..."

"Ba ni ba ɗiyata ga mai kashe mani rijiya!"

Duk Ƙanƙara an san zancen. Almu, wanda aka sa masu ranar aure shi da Saudatu a lokacin kaka, ya zo hutu daga jami'ar Badun inda yake karatun haɗa sinadarai. Ya tarar rijiyar shunin Malam ta ƙi kama zane. Shi kuwa sarkin karambani, sai ya zaro wata 'yar takarda shuɗiya ya tsoma. Ta fito ja jawur! Gide, mai rini a rijiyar kusa, wanda ya nemi Saudatu ta ƙi shi, ya kama salati yana cewa laya ce ta Nasara.

Da hantsi ta tare Almu a bakin zaure, idonta ya kumbura.

"Don Allah ka yi mashi bayani, masoyina!"

"In buɗe baki in yi musu da surukina? Tsami ne aka zuba a rijiyar, Saudatu. Takardar shaida kawai ta ba da. Irin aikin da zan yi a masaƙar Kaduna ke nan, in na ƙare."

"Kunyarka za ta raba mu..."

Ya sunkuyar da kai. Haushinsa ya kama ta, sonsa kuma ya fi haushin.

Ita ma ta san ɗiya ba ta kare saurayi a gaban uba. Amma ba wanda ya hana ta kai masa abin sha. Ta jiƙa zoɓorodo, ta durƙusa gabansa da ƙwarya, Goggo ƙanwarsa na zaune a gefe. Sai ta jefa kanwa a ciki. Jan ruwan ya rikiɗe ya yi duhu, kore-kore.

"Mi ke nan?" in ji Malam.

Ta tsiyaya ruwan tsamiya. Ja ya dawo.

Goggo ta kwashe da dariya. "Yaya, in wannan sihiri ne, to duk matan garin ga bokaye ne!"

Malam ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ya miƙe ya nufi marina. Saudatu ta bi shi daga nesa.

A marina ya naɗe hannun riga, ya zura muciya har ƙasan rijiyar, ya kwaso laka. 'Ya'yan tsamiya ne cike da tafinsa. Ya ɗaga ido ya dubi Gide. Gide ya shiga neman takalmansa.

"A kira mani Almu."

Almu ya zo ya tsuguna can nesa.

"Ka sani tun ranar, ka yi shiru?"

"Ban iya tsallake maganarka, Baba."

"Ko da za ka rasa ta?"

Almu bai ɗago ba, amma hawaye ya ɗiga a kan ƙasa. Saudatu ta toshe baki da mayafi.

Malam ya goge hannunsa a jikin riga.

"Tashi ka ɗebo toka mu ta da rijiyar ga. Zanen amarya nika son rinawa, kuma kaka ta matso."