Uwar Gyara da Gilashin Husufi

Kwana huɗu ke nan Umma ba ta da kwanciyar hankali. Tun da aka ce za a yi husufin rana ranar Asabar, wato wata zai rufe fuskar rana, gabanta yake faɗuwa. Ba ranar take tsoro ba. Autarta take tsoro.

Yarinyar nan ba ta ganin abu ta ƙyale. Ta gyara rediyon Abba, ya daina magana. Ta gyara agogon bango, ya koma tafiya da baya. Shi ya sa ake kiranta Uwar Gyara.

Ranar Juma'a ta dawo daga makaranta da gilashin kwali mai baƙar leda a idanu.

"Malama ta ce kada mu kalli rana sai da wannan," in ji ta.

"To, ajiye shi. Don Allah kada ki taɓa."

"Umma, ni me na taɓa ɓatawa?"

Umma ta kalli agogon bango.

Da ta shiga ɗaki, Uwar Gyara ta saka gilashin. Duhu dunɗum! Ba ta ga gado ba, ba ta ga hannunta ba.

"Kai, lalatacce aka ba ni," ta ce. Ta ɗauko almakashi ta yanke baƙar ledar tas. Ta sake sakawa. Yauwa! Yanzu komai fes.

Washegari da hantsi hasken gari ya fara dusashewa. Kaji suka nufi akurki. Umma tana shanya, sai ta ga autarta ta fito da gudu. Ta cikin gilashin tana hango ƙwayar idon yarinyar ƙuru-ƙuru!

"Ke! Sunkuyar da kanki!"

Umma ta yar da zanin hannunta, ta rufe mata ido. Amma yarinyar ta riga ta ɗan ɗaga kai.

"Umma, wani koren abu nake gani yana yawo!" Ta fashe da kuka.

"Na shiga uku! Ina ledar?"

"Na gyara shi ne. Ba a ganin komai da shi."

"Gyaran gangar auzinawa! Ai duhun shi ne maganin! Rana kaɗai ake gani da shi, ita ma don kada ta ƙona ido. Baki gare ki, me ya hana ki tambaya?"

Umma ta zaunar da ita a inuwa, tana ɗaga mata yatsu. "Nawa ne nan? Nan fa?" Sai da koren ya ɓace ta sauke ajiyar zuciya.

A waje yara suna ta ihu. Uwar Gyara ta haɗa kai da gwiwa. "Kowa zai gani ban da ni."

Umma ta harare ta, ta yi tsaki. Sai kuma ta tuna dabarar da ta ji a rediyon maƙwabta. Ta shiga kicin ta fito da matsami, cokalin nan mai huji-huji.

"Juya wa rana baya. Ƙasa za ki kalla."

Ta ɗaga matsamin. Sai ga 'yan ƙananan hotunan rana kamar jinjirin wata sun zube a kan siminti, kowane huji da nasa.

"Umma! Rana ta haihu!"

Ranar Litinin likita ya duba idon, ya ce lafiya lau, amma kada a kuma. Uwar Gyara ta ba Malama haƙuri. Ta koyi darasi: abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka gyara.

Sai dai yanzu tambaya ta ƙi ƙarewa. "Umma, in gyara fanka? Umma, in gyara keken ɗinkinki?" Daga safe har yamma.

To yara, ku faɗa wa Umma: ta ɓoye almakashin ne, ko ta kai yarinyar nan wajen mai gyaran rediyo ta koya da gaske?