Farin Ƙyalle a Teku

A can da, an yi wata 'yar ƙasa mai jiragen yaƙi da iska ke turawa. Ƙyallayen jiragensu rinannu ne da shuni, na maƙiya kuwa farare.

Wata rana shugaban jirgi Jatau ya hango farin ƙyalle yana nufo su.

Mayaƙansa suka ce, "Maigida, mu harba igwa!"

Jatau ya ruɗe. Ƙyalle na maƙiya, kiɗan ganga kuwa na gida! Ya duba, ya saurara, ya sake dubawa.

Ya ce, "Kada wanda ya harba."

Da jirgin ya matso, sai ga Cindo, ƙanin Jatau, a cikinsa. Ashe rowa ya yi wa marina, suka yi masa rinin banza, ruwan sama ya wanke shi.

Cindo ya ce, "Yaya, lafiya igwarku take kallona?"